Lissafin kuɗin asibiti a hannun ƙirƙirarriyar basira: wa zai ɗauki alhakin kalmar "ba za a biya ba"?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina neman ka ba ni fili in yi magana a kan wani ɓangare na ƙirƙirarriyar basira wanda ba a cika tattaunawa a kansa ba. Duk lokacin da aka tayar da zancen wannan fasaha a harkar lafiya, hankalin mutane yakan tafi kan na'urar da ke duba hoton ƙirji ta gano ciwo, ko wadda ke taya likita aikin tiyata. Ni kuwa ofishin da na yi shekaru ina aiki a cikinsa babu gado babu allura, sai tebura da kwamfutoci da tarin fayil-fayil, domin a nan ne ake mayar da abin da likita ya yi wa mara lafiya ya zama lissafin kuɗi, a aika wa kamfanin inshora ko a miƙa wa iyalinsa. Wannan ofis yana cikin wuraren da fasahar ta riga ta shiga ta zauna ba tare da an yi shela ba, kuma abin da ake yankewa a cikinsa yana iya sa mutum ya ci gaba da jinya ko ya tattara ya koma gida da ciwonsa.

Kafin a fahimci alheri ko sharrin da na'ura za ta kawo, ya kamata mai karatu ya san yadda aikin yake. Idan likita ya duba mutum, yakan rubuta abin da ya gani da abin da ya yi. Kamfanin inshora ba ya karanta wannan rubutu, lambobi yake karantawa. Saboda haka akwai ma'aikacin da aikinsa shi ne ya bi bayanin likita layi-layi ya fassara shi zuwa lambobin da aka amince da su. Lambobin cututtuka sun samo asali ne daga kundin Hukumar Lafiya ta Duniya da ake kira ICD, wanda bugunsa na 11 ya fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2022, ko da yake wurare da yawa har yanzu da bugu na 10 suke aiki. A cikin bugu na 10, hawan jini na gama-gari shi ne I10, ciwon sukari nau'i na biyu kuma E11, sannan abin da ake ƙara wa lambar bayan an sa ɗigo shi ke nuna ko ciwon ya taɓa ƙoda ko ido ko jijiya. Lokacin da Amurka ta koma amfani da nata salon bugu na 10 a ranar 1 ga Oktoban 2015, lambobin cututtuka sun tashi daga kimanin 14,000 zuwa kusan 70,000. Ban da waɗannan, akwai wani kundin na ayyukan da likita ke yi, irin su ɗinki da hoto da tiyata, wanda Ƙungiyar Likitocin Amurka ke kula da shi tun 1966. Kowane kamfanin inshora kuma yana da nasa sharuɗɗan a kan lambar da zai biya, da lambar da dole ta zo tare da wata, da aikin da sai an nemi izininsa kafin a yi. Babu ɗan Adam ɗin da zai riƙe duk wannan a ka, ya kuma yi aiki a kan ɗaruruwan takardu kullum, bai yi tuntuɓe ba.

Don haka nake cewa duk wanda ya musanta amfanin wannan fasaha bai taɓa zama a teburin lissafi ba. Mafi yawan takardun neman biya da nake ganin an dawo da su a zamanin da muke yin komai da hannu, ƙananan kurakurai ne suka jawo: ranar haihuwa ta saɓa da wadda ke katin inshora, an rubuta ƙafar hagu a wani shafi an rubuta ta dama a wani, an shigar da gwaji ɗaya sau biyu, ko kuma inshorar ta ƙare ba wanda ya lura. Ba zan manta da wata baiwar Allah ba wadda ta yi ta zirga-zirga zuwa ofishinmu har sau uku a kan kuɗin jinyar mijinta da aka ƙi biya, tana barin mara lafiya a gida ba mai kula da shi, daga ƙarshe muka gano cewa lambobi biyu ne suka musanya wuri a lambar katinsa. Manhaja mai kyau za ta kama irin wannan kafin takardar ta bar ofis, cikin ƙiftawar ido, kuma ba ta gajiya da yamma kamar yadda idon ma'aikaci ke gajiya. Asibiti zai samu kuɗinsa da wuri ya biya albashi ya sayi magani, iyalin mara lafiya kuma su huta da hawa da sauka. Wannan alheri ne na gaske, kuma talaka ne ya fi kowa cin moriyarsa, domin shi ne ba shi da wanda zai buga wa waya a gyara masa kuskure.

Haka nan na'ura ta fi mutum iya gano zamba, saboda tana kallon dubban takardu a lokaci guda. Ita ce za ta lura cewa wani likita ya nemi kuɗin ayyukan da, idan aka tara lokacinsu, sun wuce awa 24 a yini ɗaya, ko cewa ana ci gaba da neman kuɗin maganin mutumin da ya riga mu gidan gaskiya. Kuɗin da ɓarayi ke kwashewa ta wannan hanya daga asusun marasa lafiya yake fita. Akwai kuma lokacin likita. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2016 ya gano cewa a kan kowace awa ɗaya da likita ya yi da marasa lafiya, yana ɓatar da kusan awa biyu a kan kwamfuta da aikin tebur. Idan manhaja ta ɗauke masa rabin wannan nauyi, mara lafiya zai samu likitan da ke kallon fuskarsa yana sauraronsa.

Damuwata ta fara ne daga abin da na gani a kaina. Da aka kawo mana manhajar da ke karanta bayanin likita ta ba da shawarar lambobi, an shaida mana cewa ita mai taimako ce kawai, hukunci yana hannun ma'aikaci. A makonnin farko haka abin ya kasance, domin muna buɗe fayil mu karanta, mu gwada da abin da ta kawo, mu gyara inda ta kauce. Da aka ga aiki yana sauri, sai aka ƙara yawan takardun da ake so kowa ya kammala a yini, aka kuma ƙi maye gurbin abokan aikin da suka bar wurin. Kafin shekara ta zagayo, na tarar da kaina ina danna maɓallin amincewa a kan takardun da ban karanta ba, saboda manhajar tana yin daidai a mafi yawan lokuta, kuma babu lokacin da zan nemo 'yan ƙalilan ɗin da ta yi kuskure a kansu. Sunana ne a kan kowace takarda, amma idona bai bi ta kan yawancinsu ba. Wannan abu ya dame ni a lokacin kuma har yanzu yana damuna, shi ya sa idan na ji wani kamfani yana cewa kada a damu, akwai ɗan Adam da ke duba aikin na'ura, tambayar da nake yi ita ce minti nawa aka ba wannan ɗan Adam ɗin a kan kowane fayil, kuma me zai same shi idan ya yawaita saɓa wa na'urar.

Kuskuren na'ura a wannan aiki ya bambanta da na mutum ta fuska biyu. Ta farko, mutum idan ya yi kuskure a takarda ɗaya yake yi, na'ura kuwa idan ta koyi abu a karkace za ta maimaita shi a kan kowace takarda mai kama da wannan, sau dubbai, kafin wani ya farga. Ta biyu, sababbin manhajoji masu rubutu da sauraren magana suna iya ƙirƙiro abin da ba a faɗa ba, su rubuta shi cikin tsari mai kyau da ba zai sa ka yi zargi ba. A watan Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito cewa masu bincike sun samu manhajar Whisper, wadda ke mayar da magana rubutu kuma wasu asibitoci ke amfani da kayan aikin da aka gina a kanta, tana ƙara jimlolin da babu wanda ya furta su. Idan irin wannan rubutu ya zama tushen lambar cuta, to an jingina wa mutum ciwon da ba shi da shi. Mutane da yawa ba su san cewa lambar da aka sa don neman kuɗi ba ta tsayawa a takardar kuɗi ba. Tana shiga tarihin lafiyar mutum, likitan gaba ya gan ta ya yi aiki da ita, wani kamfanin inshora ya gan ta ya sake lissafinsa, kuma cire ta yakan fi sa ta wuya nesa ba kusa ba.

Akwai kuma jarabar da ke tattare da kuɗi. Tun 1983 Medicare, shirin inshorar lafiyar tsofaffi na gwamnatin Amurka, yake biyan asibitoci kuɗin kwanciya bisa rukunin cutar da aka rubuta, kuma ƙasashe da dama sun ɗauki irin wannan tsari. Ma'anarsa ita ce, idan lambar ta nuna ciwo mai tsanani, kuɗin ya fi yawa. Masu sayar da manhaja sun san haka, kuma abin da suke tallata wa shugabannin asibiti shi ne cewa kayansu zai ƙara kuɗin shiga. Wani ɓangare na wannan ƙari halal ne, domin akwai ayyukan da ake yi a manta ba a rubuta ba. Amma manhajar da aka auna nasararta da yawan kuɗin da ta kawo za ta riƙa karkata zuwa lamba mai tsada duk inda bayanin likita ya ba da ƙofa, kuma ba za ta ji kunyar da tsohon ma'aikaci ke ji ba idan aka ce ya rubuta abin da ya san bai faru ba.

Wannan ɓangaren asibiti ke nan. Abin da ya fi tayar mini da hankali yana ɓangaren masu biya. A watan Maris na 2023 kafar binciken ƙwaƙwaf ta ProPublica ta buga rahoto a kan kamfanin inshora na Cigna da ke Amurka da wani tsarinsa mai suna PXDX, wanda ke gwada lambar cuta da lambar aikin da aka yi, ya ware waɗanda ba su dace da jadawalin kamfanin ba. Rahoton ya ce a cikin wata biyu na shekarar 2022, likitocin kamfanin sun ƙi biyan buƙatu sama da 300,000 ta wannan hanya, kuma matsakaicin lokacin da aka ɓatar a kan kowace buƙata shi ne daƙiƙa 1.2. Kamfanin ya musanta yadda aka siffanta tsarin, ya ce ba ƙirƙirarriyar basira ba ce, tantancewa ce mai sauƙi da ake yi wa wasu ayyuka marasa tsada bayan an riga an yi wa mutum magani. Adalci ne a kawo wannan martani. Sai dai ko da an karɓe shi gaba ɗaya, ni da na san nauyin fayil ɗin mara lafiya na san ba a buɗe shi a cikin daƙiƙa ɗaya, balle a karanta. Sa hannun likita yana kan takardar, amma abin da ya faru shi ne abin da ya faru da ni a teburina, sai dai a ma'auni mai girman gaske.

A watan Nuwamban 2023 ne kuma iyalan wasu tsofaffi biyu da suka rasu suka shigar da ƙarar kamfanin inshorar lafiya na UnitedHealth a wata kotun tarayya da ke jihar Minisota ta Amurka, a kan wata manhaja mai suna nH Predict. Aikin manhajar shi ne ta ƙiyasta kwanaki nawa tsohon da ya fito daga asibiti zai buƙata a gidan farfaɗowa, ta hanyar gwada shi da miliyoyin marasa lafiyar da suka gabata. Masu ƙara sun yi zargin cewa an mayar da wannan ƙiyasi hukunci, ana yanke biya idan kwanakin suka cika ko da likitan da ke kula da mutum ya ce bai warke ba, sun kuma yi zargin cewa kusan kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan hukunce-hukunce ana soke su idan an ɗaukaka ƙara. Kamfanin ya ce manhajar jagora ce kawai, ba da ita ake yanke hukuncin biya ba. Zargi ne, kuma kotu ce ke da ta cewa a kansa. Amma a watan Oktoban 2024 wani ƙaramin kwamitin bincike na Majalisar Dattawan Amurka ya fitar da rahoton da ya nuna cewa yawan ƙin amincewar wannan kamfani da buƙatun jinyar bayan sallama daga asibiti ya tashi daga kashi 10.9 cikin 100 a 2020 zuwa kashi 22.7 a 2022, a daidai lokacin da yake faɗaɗa amfani da na'ura wajen tantancewa. Matsakaicin adadi gaskiya ne a kan jama'a, amma tsohuwar da ta karye a ƙugu tana fama da ciwon sukari, ba ta da kowa a gida, ba za ta warke bisa jadawalin wasu ba.

A nan ne zuciyar maganata take. Tsarin ƙin biya yana tsayuwa ne a kan sanin cewa mutane ba sa komawa su yi gardama. Cibiyar binciken harkar lafiya ta KFF ta duba alƙaluman 2021 na kamfanonin da ke sayar da inshora a kasuwar intanet ta gwamnatin tarayyar Amurka, ta samu cewa sun ƙi biyan kusan kashi 17 cikin 100 na buƙatun da suka fito daga asibitoci da likitocin da suke da yarjejeniya da su, amma waɗanda aka ɗaukaka ƙara a kansu ba su kai biyu cikin 1,000 ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ke kwance ba shi da ƙarfin rubuta wasiƙa, wanda ke jinyarsa ba shi da lokaci, takardar da aka aiko musu cike take da lambobin da ba su san ma'anarsu ba, kuma da yawa ma ba su san suna da damar neman a sake dubawa ba. A da, ƙin biyan buƙata yana cin lokacin ma'aikaci, wannan tsada ita kanta wani birki ce. Yanzu na'ura ta sa ƙin biya ya zama kusan kyauta, alhali neman a sake dubawa yana nan da tsadarsa da wahalarsa a kan mara lafiya.

Manyan asibitoci ba su zauna sun naɗe hannu ba. Su ma sun sayi manhajojin da ke hasashen buƙatar da za a ƙi biya, su gyara kalmominta tun kafin a aika, su kuma rubuta wasiƙar ɗaukaka ƙara cikin daƙiƙoƙi. Ke nan an wayi gari na'urar asibiti tana neman lamba mafi tsoka, na'urar inshora tana neman dalilin ƙi, kowane ɓangare yana biyan kuɗin makaminsa daga abin da jama'a suka tara domin magani. Idan giwaye biyu suna faɗa ciyawa ce ke shan wahala, kuma ciyawar a nan ita ce mara lafiya da ƙaramin asibitin da ba shi da kuɗin sayen manhaja. Duk abin da ɓangarorin biyu suka kasa daidaitawa a kansa, a ƙarshe takarda ce za ta iso gidan wanda ya yi jinya.

Wani haɗarin ya fi waɗannan ɓuya, domin babu wanda ya yi nufinsa. Bayanan lissafin kuɗi su ne bayanan lafiya mafi yawa kuma mafi tsari da ake da su, don haka da su ake koyar da manhajoji da dama. Amma takardar kuɗi tana nuna abin da aka kashe ne, ba ta nuna abin da mutum ya buƙata bai samu ba. A watan Oktoban 2019 mujallar Science ta buga binciken Ziad Obermeyer da abokan aikinsa a kan wata manhaja da ake amfani da ita a Amurka wajen zaɓen marasa lafiyar da za a ba ƙarin kulawa. Manhajar ta ɗauki yawan kuɗin da aka kashe wa mutum a matsayin ma'aunin tsananin ciwonsa. Da yake ana kashe wa baƙaƙen fata kuɗi ƙasa da na farare masu irin ciwonsu, sai ta riƙa ganin sun fi lafiya. Masu binciken sun ƙiyasta cewa gyara wannan zai ɗaga kason baƙaƙen fata cikin masu samun ƙarin kulawar daga kashi 17.7 cikin 100 zuwa 46.5. Duk inda talaka ke jinkirin zuwa asibiti saboda rashin hali, na'urar da ta koyi darasi daga rasit za ta ɗauka lafiyarsa ƙalau.

Game da sirrin marasa lafiya, misali ɗaya ya isa. A ranar 21 ga Fabrairun 2024 masu kutse suka durƙusar da kamfanin Change Healthcare, wanda ke tsakiyar zirga-zirgar takardun neman biya a Amurka. Asibitoci da kantunan magani sun yi makonni ba sa iya aika buƙatunsu, shugaban uwar kamfanin ya shaida wa majalisa cewa an biya kuɗin fansa dala miliyan 22 kuma an shiga ne ta wata ƙofar intanet da ba a sa mata matakin tsaro na biyu ba, daga baya aka sanar cewa bayanan mutane kimanin miliyan 190 abin ya shafa. Ba ƙirƙirarriyar basira ce ta yi wannan ɓarna ba, amma ita ba ta aiki sai an tara mata bayanai masu yawa a wuri ɗaya, kuma takardar kuɗin asibiti tana ɗauke da sunan mutum da adireshinsa da cutar da wataƙila ko iyalinsa bai gaya wa ba.

Masu yin doka sun fara motsi, kuma inda suka dosa ya yi daidai da abin da nake kira a kai. A watan Fabrairun 2024 hukumar da ke kula da Medicare ta bayyana wa kamfanonin da ke gudanar da shirin a madadinta cewa suna iya amfani da manhaja, amma dole hukunci ya dogara da halin shi wannan mara lafiyar da tarihinsa da shawarar likitansa. Jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2025, wadda ta ce likita ko ƙwararren ma'aikacin lafiya mai lasisi ne kaɗai zai yanke cewa magani bai zama dole ba. A Tarayyar Turai, dokar kare bayanai da ta fara aiki a 2018 ta ba mutum haƙƙin kada na'ura ita kaɗai ta yanke masa hukunci mai babban tasiri a rayuwarsa, sai a wasu keɓaɓɓun yanayi. Wanda ke ganin wannan tsoro ne mara tushe ya duba abin da ya faru a Ostireliya, inda wani tsarin kwamfuta da aka yi wa laƙabi da Robodebt ya yi ta aika wa masu karɓar tallafin gwamnati takardun bashi bisa lissafin da bai inganta ba, aka ɗora musu nauyin tabbatar da cewa ba a bin su, har gwamnati ta amince a 2020 za ta mayar da kuɗin basussuka kusan 470,000. Ba harkar asibiti ba ce, amma ginin iri ɗaya ne.

Sai dai dokar da ta ce likita ya sa hannu ba ta wadatar ba, tunda mun ga yadda ake sa hannu a cikin daƙiƙa ɗaya. Abin da nake roƙon hukumomin da ke sa ido a kan inshora da asibitoci, a kowace ƙasa da wannan fasaha ta shiga ko take shirin shiga, shi ne su bambanta tsakanin amincewa da ƙi. A bar na'ura ta amince da buƙata ita kaɗai, domin idan ta yi kuskure a nan kuɗi ne ya salwanta kuma ana iya dawo da shi. Ƙin biya kuwa, ko yanke jinya, ko ƙara wa mutum cutar da likitansa bai rubuta ba, kada ya fita sai da sunan wanda ya buɗe fayil ɗin, da lokacin da ya ɗauka yana dubawa, a ajiye yadda mai bincike zai iya gani. A tilasta wa kowane kamfani ya riƙa bayyana yawan buƙatun da ya ƙi da yawan waɗanda aka soke hukuncinsu bayan an sake dubawa, domin manhajar da ake yawan soke hukuncinta ba ta cancanci ci gaba da aiki ba. A rubuta dalilin ƙi da harshen da mai takardar ke ji, tare da bayanin inda zai kai kukansa da wa'adin da za a amsa masa, kuma kada a yanke jinyar wanda ke kwance kafin a saurari ƙararsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: kamfanin da ya karɓi kuɗin mutum wata-wata yana lafiya, wajibinsa ne ya ba fayil ɗinsa mintunan da ake buƙata ranar da ya kwanta, kuma ba zai fake da cewa wani kamfanin ne ya ƙera manhajar ba.

Ga shugabannin asibitoci, roƙona shi ne kada su sallami tsofaffin ma'aikatan lambobi don sun sayi manhaja. Su ne kaɗai za su gane ranar da ta fara karkata, kuma idan aka daina ɗaukar sababbi suna koyo a ƙarƙashinsu, nan da 'yan shekaru ba za a samu wanda zai iya duba aikin na'urar ba ko da doka ta ce a duba. A riƙa zaɓo wasu takardu ba tare da tsari ba kowane mako, a ba mutum ya yi musu lamba daga farko bai ga abin da na'ura ta kawo ba, sannan a gwada.

Ga mai karatu kuma, duk lokacin da aka miƙa maka lissafin asibiti, ka nemi a ba ka shi dalla-dalla, kowane gwaji da kowane magani da ranarsa, ka gwada da abin da ka san an yi. Idan ka ga lambar da ba ka gane ba, ka tambayi sunan cutar da take nufi. Idan inshora ta ƙi biya, ka nemi dalili a rubuce, ka tambayi ko mutum ne ya duba ko na'ura, ka roƙi likitanka ya rubuta bayanin da zai raka ƙararka, ka ajiye kwafin kowace takarda da ranar da ka miƙa ta. Ina kuma roƙon wannan jarida ta tura wakilanta su tambayi kamfanonin inshorar lafiya da manyan asibitoci wace manhaja suke amfani da ita wajen tantance buƙatun biya, wa ya ƙera ta, ina ake ajiye bayanan marasa lafiya, kuma buƙatu nawa suka ƙi a shekarar da ta wuce, sannan a buga amsoshin tare da sunayen waɗanda suka ƙi amsawa.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin sashen lissafin kuɗin asibiti